Idon da Baba Ya Ba Yayansa

Yanzu idan mutum ya kwanta ciwo a Haɗeja, masu zuwa dubiya lemo suke riƙowa a leda, ko gwangwanin madara. Su ɗan zauna, su tambayi abin da likita ya ce, su yi addu'a su tashi. A zamanin da na taso ba haka ake yi ba. Ba wanda zai taka ƙofar majinyaci hannunsa babu komai, kuma abin da ake riƙowa magani ne. Wannan ya zo da saiwa a ƙunshe cikin ganye, wancan da rubutu a 'yar kwalba, tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta fito da garin da ta ce shi ya tashi mijinta bara. Mai ciwo kuwa ba ya cewa a'a. Da hannu biyu yake karɓa, sau da yawa ma a nan take zai sha, a gaban wanda ya kawo. Ƙin maganin mutum tamkar ce masa ne ba ka yarda da zuciyarsa ba.

Na yi yawo tun ina saurayi. Na bi fataken goro har Kumasi, daga baya na kama hanyar gabas zuwa aikin hajji, na yada zango a Sudan ina aikin auduga. Da yake na tashi da Barbarci a kunnena, na tsinci Larabci a hanya, ga kuma ɗan Turancin da na koya a kasuwannin kudu, sai wani ɗakin shan magani a can ya ɗauke ni tafinta. Duk inda na sauka ina lura da yadda mutane suke jinya. A ƙasar Asante mai magani shi kaɗai yake shiga kurmi, ba ka ganin ganyen sai an kirɓa shi. Larabawan jeji sun fi yarda da wuta, su ɗora ƙarfe mai zafi inda ke ciwo. A Makka na ga wani Ba'indiye da zai riƙe wuyan hannunka ya yi shiru, can ya tambaye ka abin da ka ci jiya. Hanyoyin sun bambanta, amma na ga abu guda ya haɗa su da namu na gida. Maganin yana da mai shi, ka san hannun da ya miƙo maka, kuma ba wanda zai hana ka ƙara da na wani. Na asibiti ne kaɗai na tarar ba ya son a gama shi da komai. Wanda ya ba ka shi kuma ba zai biyo ka gida ba, balle ransa ya ɓaci don ka ajiye.

Mahaifina masunci ne. Ya iya ƙulla koma yadda har daga ƙauyukan fadama ake kawo masa gyara. Ban da wannan, ya gaji cire ƙayar kifi. Idan ƙaya ta maƙale wa mutum a wuya sai a kawo shi zaurenmu, Baba ya juya shi wajen haske, ya sa shi ya buɗe baki, ya shafa masa maƙogwaro yana karanta abin da ya gada daga ubansa, ya ba shi ruwa da lomar tuwo. Wani lokaci ya sa yatsa biyu ya zaro ta. Goro kawai yake karɓa. Don haka shi ma mai ba da magani ne, ya san yadda ran mutum yake yi idan ya miƙa aka kau da kai.

Ina Sudan yanar ido ta rufe wa Baba idon hagu. Wata ranar kasuwa wani baƙo daga gabas ya sauka gindin tsamiya, irin masu aikin idon nan da suke bin gari gari. Aikinsu shi ne su soka wani siririn tsinken tagulla ta gefen ido, su tura yanar ta faɗa can ciki. An gaya mini nan take Baba ya ƙirga yatsun mutumin, jama'a suka yi kabbara. Kafin kasuwa ta zagayo baƙon ya yi gaba, idon ya yi ja, ya kumbura, ciwon kai ya hana Baba sakat, daga nan hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Ba zan zalunci masu wannan sana'a ba, na san wata tsohuwa a Kaugama da aka yi mata haka, kuma tana gani har ta rasu. A gidanmu dai abin da aka ce shi ne ba a dace ba. Ba wanda ya zagi kowa.

Na dawo gida ba a daɗe da samun mulkin kai ba, na tarar na daman ma ya yi fari. Baba ya daina shiga ruwa. Yana zaune a zaure, yana laluben ƙullin koma da yatsu. Na gaya masa na ga yadda likitoci suke fitar da yana a Sudan, kuma na ji ana yi a Kano.

Ya ce, “Kai, ɗaya fa ya rage. Yanzu ko ba komai na san gari ya waye, na san rana ta faɗi. In suka taɓa shi ya bi ɗan'uwansa fa?”

Gaskiya ya faɗa. Na bar maganar.

Abin da ya juya shi daban ne. Wata safiya aka kawo wata mata da ƙayar kurungu a wuya, tana ta kakari. Baba ya juya ta wajen haske kamar yadda ya saba, ya ce ta buɗe baki, ya kusanto da fuskarsa, sai ya tsaya. Ya yi addu'arsa, ya shafa, sannan ya ce a kai ta wurin wani masunci a bayan kasuwa. Ranar na gane ashe duk shekarun nan, ban da karatun, leƙawa yake yi. Da la'asar ya kira ni ya ce, “Ka nemi mota.”

Muka hau babbar mota zuwa Malam Madori, daga nan jirgin ƙasa ya kai mu Kano. Likitan Bature ne, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya yi ta jero tambayoyi, yaushe ya fara, yana ciwo ko ba ya yi, wa ya taɓa na hagun. Da muka fito Baba ya ja hannun rigata ya ce, “Wannan wane irin mai magani ne? Ni na zo ya gaya mini, shi kuma yana tambayata.”

Aka yi aikin. Ya yi kwanaki a kwance rigingine, an tokare kansa da 'yan jakunkunan rairayi dama da hagu don kada ya juya. Ranar sallama likitan ya zaunar da mu ya ce akwai ɗinki a cikin idon, wanda ya fi gashi siranta. Kada ya sunkuya, kada ya ɗaga abu mai nauyi, kada ya zauna cikin hayaƙi, ya bar shaƙar taba saboda atishawa. Ya ɗaga wata 'yar kwalba ya ce wannan kaɗai za a riƙa ɗigawa, ban da ita kada komai ya shiga idon nan, ko kwalli, ko tofi, ko ruwan kogi. Ya ce har sai mun dawo an ba shi tabarau, hazo-hazo kawai zai riƙa gani, kuma sai a ranar za a san ko aikin ya yi.

Na zaci Baba zai yi ƙorafi. Sai na ga ya gyaɗa kai ya ce, “Ashe yana da hani. To, magani ne.” Shi a saninsa duk maganin kirki yana da abin da ba ya so.

Mun dawo ruwa ya cika fadama. Shinkafa ta yi kore har iya ganinka, tsuntsaye sun sauka fari fat a bakin gulbi, kifi ya yi arha. Lokacin ne mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta fi samun ciniki, don sana'arta bandar kifi ce. Duk da haka ta kwashe kayan bandarta ta mayar gidan maƙwabta saboda hayaƙi. Liman ya zo da kansa ya ce wa Baba ya yi sallarsa a zaune, ya riƙa nuni da kai. Aka samo masa kujera mai majingina, shi da bai taɓa zama a kan komai ba sai tabarma.

Akwai wata nas Kirista, mutumiyar duwatsun Filato, mijinta yana koyarwa a firamare, gidansu ba nisa da namu. Ita ta ɗauki nauyin ɗiga maganin, safe in za ta tafi aiki, da yamma in ta taso. Ranar farko ta dubi takalman da suka taru a ƙofar zaure ta ce da Inna, “Mama, ba ciwon nake tsoro ba, masu gaisuwa nake tsoro. Mu ma a garinmu haka ne, kowace tsohuwa da ganyenta.”

Inna ta samo dabara. Abin sha, irin su rubutu da jiƙo, Baba ya sha, tunda ba a hana baki ba. Laya a ɗaura masa. Amma duk wanda ya kawo na sawa a ido, sai ta sa a karɓa da hannu biyu, a yi godiya sosai, a ce sai ya gama da na Kano tukuna. Ta tanadi wata babbar ƙwarya a ɗakinta inda take tarawa. Ba wanda ya ji an ƙi shi.

Taubashin Baba, wani maɗinki mai bakin tsiya, kullum sai ya leƙo. Yana shigowa zai ce, “Sannu mai jego! An hana ki sunkuyo, an hana ki hayaƙi, ina jaririn? Ko kunun kanwa za a dama miki?”

Baba ya ce, “Ka ci gaba. Ranar da na buɗe ido, kai zan fara gani in yi nadama.”

“To kada dai ki yi dariya, ɗinki ya kwance a ce ni ne.”

Haka aka yi ta tafiya lafiya har ranar da Baffa ya zo.

Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ubansu ya rasu Baba yana ƙarami, Baffa ne ya riƙe shi, ya koya masa hawan gora a ruwa don kamun kifi, ya koya masa ƙulli, ya yi masa aure. Yana zaune a wani ƙauye can wajen Baturiya, inda in ruwa ya cika ba ka isa sai a kwale-kwale. Labari bai kai masa da wuri ba. Da ya ji, bai taho nan da nan ba, sai da ya yi ta ɗana tarko har ya kama kifin giwan ruwa babba, ya cire matsarmamarsa, ya shanya, ya niƙa da kwalli. Da wannan haɗin ubansu yake yi wa masunta maganin ido. Sannan ya sa 'ya'yansa suka tuƙo shi, tsoho da shi, ya kwana a hanya.

Ya iso da hantsi, ranar kasuwa, zaure cike da mutane. Baba na jin muryarsa ya zabura zai sauko daga kujera ya durƙusa. Na dafe kafaɗarsa. Baffa ya ga hannuna, ya ga kujerar.

Ya ce, “Auta, girma ya zo ke nan? Ina tsaye kana bisa kujera?”

Duk furfurar Baba, Auta yake kiransa. Baba ya ce, “Yaya, ka yi mini aikin gafara. Hani ne na masu magani.”

Baffa ya ce to, ya zauna a tabarma, aka gaisa, aka tambayi ruwa da mutanen gida. Ya sha fura. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan tandu na fata, baƙi ƙirin don tsufa, da tsinkensa a ɗaure. Duk masuncin da ke zauren ya san tandun nan.

Inna tana bayan ƙofa. Ba ta iya magana a gaban yayan mijinta, sai ta turo wata maƙwabciya da saƙon da aka saba, an gode ƙwarai, za a adana sai an gama da na Kano.

Baffa ko kallon ƙofar bai yi ba. Ya ce, “Ba na ajiya ba ne. Da hannuna zan sa masa. Ku kwance ƙyallen da aka ɗaure masa ido da shi.”

Na ce, “Baffa, likitan ya ce akwai ɗinki a ciki, kuma ya ce kada...”

Ya juyo ya dube ni. “Alhaji, ka je Makka ka dawo, an ce kana jin yaren kowa. Madalla. Shi likitan naka ya san ubanmu? Yana nan sa'ad da wannan yaron ya yi ƙyanda idonsa ya manne, na goya shi na ratsa ruwa da shi? Da me aka buɗe idon a lokacin?” Ya ɗaga tandun. “Kuma ba da kai nake magana ba.”

Kowa ya san abin da ke gaba. In Baba ya ce a'a a gaban jama'a, Baffa zai mayar da tandunsa aljihu, ya yi sallama cikin mutunci, ya shiga kwale-kwalensa, kuma da wuya ƙafarsa ta sake taka gidan. Dukansu biyu sun tsufa, ba su da shekarun da za su jira fushi ya huce. In kuma ya ce to, ɗacin kifi da garin dutse za su shiga cikin ɗanyen ɗinki, a idon da shi kaɗai ya rage. Na san harsuna, amma a ranar ban sami kalma ko ɗaya da za ta yi amfani ba.

Hannun Baba na kan gwiwa, yatsunsa suna motsi kamar yana ƙulli. Can ya ce, “Yaya, matso kusa.”

Baffa ya matso.

“Kai ka koya mini, in wani ya fara cire ƙaya, ba a sa masa hannu sai ya ɗauke nasa. Wannan na dama, hannun wani yana kansa, bai ɗauke ba tukuna.” Ya kai yatsa ya taɓa idon hagu, wanda ya riga ya shige ciki ya ƙanƙance. “Ga wanda ba shi da kowa. Baƙo ya ɓata shi ya tafi, na Kano ya duba ya ce ba nasa ba ne. In akwai abin da zai taɓa shi, sai na babanmu. Sa mini a nan.”

Baffa ya zuba wa idon nan kallo. Masunci ne da ya ga idon matattun kifi fiye da ƙirga, ba wanda zai gaya masa abin da yake kallo. Ya ce, a hankali, “Auta, wannan ai ya daɗe da tafiya.”

“Na sani, Yaya. Ka sa dai.”

Ban san abin da ya gudana a zuciyar tsohon nan ba. Na ga dai ya dubi ƙyallen da ke kan idon dama, ya dubi jama'a, ya kwance tsinken. Ya yi bisimilla, ya ambaci ubansu ya yi masa addu'a, ya buɗe fatar idon hagun da babban yatsa, ya ja tsinken a ciki.

Ashe mataccen ido ma yana jin zafi. Baba ya ƙanƙame hannun kujera, jijiyoyin wuyansa suka tashi, hawaye ya zubo ta ko'ina har ta ƙarƙashin ƙyallen. Hancinsa ya fara motsi, na ga atishawa tana tahowa. Kafin in motsa, Baffa ya yar da tsinken, ya kama kan ƙanensa da tafin hannu biyu, dama da hagu, daidai inda jakunkunan rairayin nan suke a Kano, ya danna masa leɓen sama da yatsa.

“Kada ka motsa, Auta. Riƙe ta. Riƙe ta, na ce.”

Ya riƙe. Da abin ya lafa, taubashin ya sauke numfashi ya ce, “To, Allah ya raya. Yau dai mun ga naƙudar, saura suna.” Zauren ya fashe da dariya, har Baffa.

Da yamma nas ta zo ta ga idon hagu ya yi jawur yana ruwa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta fitar da ni waje ta wanke ni tas. Ta ce ƙazanta ba ta san dama da hagu ba, tana iya tsallakawa. Ta buɗe na daman ta duba, ta ce ba ta ga komai ba yanzu, amma ba za ta yi alkawari ba. Ta kafa sharaɗi, kowane ido da tsummansa, kuma duk mai taɓa fuskar Baba sai ya wanke hannu da sabulu. Na yi zaton Baffa zai ƙi. Sai ya ce ai ko alwala da wanke hannu ake farawa.

Ya zauna tare da mu kwanaki. Kowace safiya su biyu suke haɗuwa a kan Baba, ita da kwalbarta a dama, shi da tandunsa a hagu. Na lura daga rana ta biyu a bakin fatar kawai yake shafawa, ba ya kaiwa ciki. Ya kan tsaya yana kallon yadda take ɗigawa.

“'Yata, ɗigo ɗaya tak? Wannan ai rowa ce.”

“Baffa, naka ma ai bakin tsinke ne.”

“Nawa yana da ƙarfi.”

“Na ga alama, tunda ya sa dattijo kuka.”

Wani abin da ban zata ba, Baffa ne ya zama mai gadin ƙofa. Duk wanda ya shigo da maganin sawa a ido, kafin Inna ta aiko da godiya, sai ya ce, “Mayar da abinka, malam. Ido biyu ne, kuma duk an kama.” Daga bakinsa ba wanda ya ji haushi. Ƙwaryar Inna ta daina cika.

Da ruwa ya fara janyewa, Baffa ya koma ƙauyensa. Mu kuma da lokaci ya yi muka koma Kano. A jirgi carbi kawai Baba yake ja. Likitan ya haska idon ya daɗe yana dubawa, ya tambayi abin da ya sami na hagun. Na gaya masa gaskiya. Ya girgiza kai. Sannan ya ɗauko tabarau mai kauri kamar gindin kwalba ya ɗora wa Baba a hanci.

Baba ya ɗaga hannunsa ya juya shi gaba da baya. Ya dubi taga. Ya juyo gare ni ya ƙare mini kallo tun daga hula har takalmi, rabonsa da ganin fuskata tun kafin in tafi gabas.

Ya ce, “Ashe haka ka rame. Me suke ci a Sudan ɗin?”

Ya koma ƙulla komarsa, ya koma cire ƙaya. Gora dai bai sake hawa ba, domin tabarau irin wannan yana kusanto da abu, mutum ya kai hannu ya tarar bai kai ba, ruwa kuwa ba ya son irin wannan kuskure. Tafiyarsa ta farko ƙauyen Baffa ce, ni na raka shi. Yana sauka ya durƙusa har ƙasa, ya biya gaisuwar da aka hana shi.

Baffa ya ce, “Wanne ne yake gani?”

“Na dama, Yaya.”

“Haka ya kamata. Nawa ya janye dafin ya tara a hagu, shi ya sa na Kano ya sami wurin aiki.”

Baba ya ce, “Haka ne, Yaya.”

Na yi shekaru ina juya wannan magana. A ɗakin shan maganin da na yi aiki, da an ce tsohon nan jahilci ke damunsa. A zauren masunta kuma da an ce ɗan boko ya so ya raba 'yan'uwa. Ni da na tsaya a tsakiya na ga likitan ya san ido, bai san Baffa ba, kuma ba aikinsa ba ne ya san shi. Baffa ya san ƙanensa tun yana goye, bai san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen ba. Baba ne kaɗai ya san nauyin kowanne, kuma shi ya sha zafin. Ko Baffa ya yarda da abin da ya faɗa game da dafi, ban taɓa tambayarsa ba. Abin da na sani shi ne, bayan 'yan shekaru yana ta fara rufe nasa idon. Masu tsinken tagulla suna nan suna zuwa kasuwa a lokacin, tandun ubansu kuma yana aljihunsa. Sai ga ɗansa ya zo Haɗeja da saƙo, wai Baffa ya ce a gaya wa Alhaji ya nemi mota.

Da Baffa zai shiga asibitin Kano ya ciro tandun ya ba Baba ya ce ya riƙe masa. Da ya fito bai tambaya ba, Baba kuma bai tuna masa ba.

Daga baya kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Aka yi kwalta, kantunan magani suka buɗe a kowace unguwa, aka datse kogin can sama, ruwan da yake kai kwale-kwale ƙofar gidan Baffa ya rage zuwa. Masu aikin ido na gindin tsamiya suka yi ta raguwa har na daina ganinsu. Ana nan ana shan jiƙo da rubutu, ni ma ina sha, masu ƙaya a wuya kuma har gobe wurin masunta suke fara zuwa. Tandun yana wurina, kwallin ciki ya daskare. Tun daga kakar nan ba a sake sa wa kowa maganin gida a ido ba a zuriyarmu, kuma ba wanda ya sake koyon haɗa shi.